Ranar Da Muka Ɗauka Aiki

Da asuba na kai kwando goma sha biyu bakin titi,
tumatir ja wur, kamar an shafa masa mai.
Dillali ya zo da hula a karkace,
ya tsoma hannu, ya latsa na ƙasa, ya yi tsaki.
Kuɗin da ya faɗa
bai kai na man da injin ban-ruwa ya sha ba.
Na ce albarka.
Ya ce, "To, jira rana, ita za ta saya."

Rana kuwa ta saya.
Kafin la'asar ruwa na ɗiga ta gindin kwando,
ƙudaje sun zo zaman makoki,
awakin Dakace sun ƙoshi da gumina.

Wata uku ina tsare da Galma kamar mai jinya,
in tare ruwa, in sake shi, kwami bayan kwami.
Taki na bashi, iri na bashi,
har takalmin robar da nake shiga laka da shi
na Barau ne.

Kande ce ta yi magana a bakin murhu,
ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba:
"Ranar da ta cinye maka kwando sha biyu,
me ya hana ka ɗauke ta aiki?"

Na yi dariyar wanda ya rasa ta cewa.
Ita ba ta yi ba.
Ran Laraba ta tara matan adashinsu, su tara.
Kwasar Asabe ce, Asabe ta ce a bar ta a tsakiya.
Suka sayo raga da wuƙaƙe da leda mai faɗi,
Jatau kafinta ya kafa musu gadaje a bayan gari,
tsayinsu ya kai ƙugu,
yashi ba ya hawa, akuya sai dai ta kalla.

Kauɗar da muka gada a ƙasa ake shanya ta,
mai cin miya ya tauna da tsakuwa.
Tasu ta bushe fes, ƙamshinta har cikin zaure.
Suna yanka suna hira, hannuwa sun rine.
Ni da na raina, ni na zama mai ɗauko kwanduna.

Muka ɗura a buhu, muka ɗaure, muka yi shiru.
Shirun nan ya fi noman wuya:
ga yaro da zazzaɓi, ga buhu, ga mai saye a ƙofa.
Kande ta cire 'yan kunnenta ta kai kasuwa,
ta ce buhu ba zai motsa ba.

Sai da damina ta zauna, ɗanye ya yi ƙaura,
masu tuwo a Tudun Wada na ƙirga tumatir ɗaya-ɗaya,
sannan muka hau a-kori-kura zuwa Sabon Gari.
Kwano biyu suka biya abin da kwando ya kasa.

Ban ce mun yi arziki ba.
Kwalbatin hanyarmu har yau a karye yake,
mota ta tsaya nesa, mu ƙarasa da kaya a ka.
Sau uku ana zuwa auna shi,
su sha ruwanmu, su naɗe igiyar awonsu su tafi.
Amma na biya mai taki, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.
Na mayar wa Barau takalminsa, na sayi nawa.
Tanimu da ya tafi birni tura baro
ya zo ganin gida, ya tarar gadaje sun kai ashirin.
Bai koma ba.
Shi ke riƙe da littafin lissafi yanzu,
sunan uwarsa ne a saman shafi.

Bana dillalin ya dawo, hular na nan a karkace.
Ya latsa, ya yi tsaki, ya faɗi kuɗinsa.
Na ce albarka.
Ya ce, "Jira rana."
Na ce, "Ai tana bayan gari,
tun hantsi take yi mana aiki."